Ranar da Obin Ya Ƙi Sakin Kajin Yaya

Malam Sitiyari ya yi ritaya daga tuƙin babbar bas, amma bakinsa bai yi ritaya ba. A ganinsa, duk wani abu mai waya da maɓalli a duniyar nan ƙanen mota ne, kuma tunda ya iya babbar, ƙananan ba za su gagare shi ba. Da wannan ilimin ya gyara fankar falo har ta koma juyawa da baya, ya gyara dutsen guga har ya daina zafi kwata-kwata. Mutanen benen da suke haya, da zarar sun hango shi da sifana a hannu, kowa sai ya ja ƙofarsa ya ce barci yake yi.

To, ranar da abin nan ya faru, rana ce da matarsa ta daɗe tana roƙon Allah Ya nuna mata. Yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, za ta zo gidan ta ci abinci. Shekara da shekaru Yaya ba ta taka ƙofar nan ba, tun ranar da Sitiyari ya ce zai kai ta taron kammala karatun 'yarta ta wata hanyar yanke da shi kaɗai ya sani, suka isa ana kwashe kujeru. Yaya ta faɗi abin da ke bakinta, ƙanwa ta tare wa mijinta, daga nan zumunci ya koma gaisuwar waya, ita ma sama-sama. An sha kai-komo kafin Yaya ta ce to, za ta zo, amma wuni kawai za ta yi.

Tun jiya uwargida ta jiƙa manyan kaji biyu da lemun tsami da tafarnuwa da citta. Da safe ta jera su a tire, ta zura cikin sabon obin ɗin da ɗansu ya aiko mata, irin murhun gashin nan na lantarki mai ƙofar gilashi da ɗan allo mai nuna lambobi. Ba ta kunna ba. Ta yafa mayafi ta tsaya a kan mijinta.

"Malam, zan je tasha in taro Yaya. In na dawo zan kunna da kaina. Don girman Allah, kada ka taɓa."

"Ni? Me zan taɓa?"

"Komai. Kada ka taɓa komai. Ga talabijin nan a kunne, shi ma kallo kawai."

"Haba, sai ka ce wani yaro."

"Yaro ai yana jin magana." Ta kai bakin ƙofa ta juyo, muryarta ta yi ƙasa. "Malam, ita kaɗai ta rage mini a duniya. In yau ta ɓaci, ban san ko za ta sake zuwa ba."

Ya dafa ƙirji. "Je ki hankalinki kwance. Kin bar gida a hannun mutumin da ya yi ta ɗaukar rayuka cike da bas."

Ƙarar takalminta ba ta gama ɓacewa a matakala ba, wata dabara ta faɗo masa. Yaya ta ɗauke shi mutumin da ko ruwan zafi ba zai iya dafawa ba. To yanzu a ce tana hawowa bene ƙamshin gasasshiyar kaza ya tare ta tun daga ƙasa, ta ce wa ya gasa, a ce Sitiyari ne! Ai sai ta haɗiye tsofaffin maganganunta tare da naman. Matarsa kuma ta ga irin mijin da Allah Ya ba ta. Daɗin tunanin ya hana shi zama. Ya leƙa ta taga ya ƙwala wa Mai Aski kira, wanda shagonsa ke ƙasan benen.

"Mai Aski! Yau ka buɗe hancinka da kyau. Za ka ji yadda maza ke gashi!"

Mai Aski ya ɗago kai. "Matarka ta san za ka yi?"

"Ka ji ka da wata magana. Direba yana neman izinin fasinja kafin ya sa giya?"

Ya shiga kicin ya tsuguna a gaban obin, ya ƙura wa maɓallan ido. Ga mai hoton fanka, ga mai zane a sama, ga mai zane a ƙasa. Can a ƙarshen layi kuma ga wani mai 'yan taurari, an ware shi gefe shi kaɗai. Sitiyari ya yi murmushin wanda ya gano sirri. A mota ma giyar ƙarshe ita ce ta ƙwararru. Waɗannan na farko don mata da 'yan koyo aka yi su. Ya ɗora babban yatsa a kan mai taurari ya danne.

Wani abu ya yi gurnani a ciki. Sai ƙarƙas! Hoton ɗan makulli ya kama da ja a kan allon, wasu haruffa na yaren masu ƙera shi suka fito, lambobi suka bayyana suka fara raguwa a hankali.

"Ka ji kaya na gari," in ji shi. "Yana tashi, ƙofa ta kulle kanta. Ga ma'aunin mai nan yana sauka. Wallahi bas sak, taya ce kawai babu."

Da farko ƙamshi ne ya tashi, na kirki kuwa. Har Gwaggo, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tasu, ta leƙo tana shanshana.

"Ɗan nan, matarka ta dawo ne?"

"Ni ne nan, Gwaggo. Ki ajiye cikinki."

"Kai ne?" Ta ja da baya kaɗan. "To Allah Ya tsare mu."

Ba a jima ba ƙamshin ya fara canza hali. Sitiyari ya ce bari ya juya kajin kada gefe ɗaya ya fi wani. Ya ja ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake ja, ko motsi. Ya dafa ƙafa a jikin kabad ya ja da hannu biyu, har hularsa ta faɗi. Jan makullin nan yana nan yana kallonsa. Ta ramin saman ƙofar kuma wani siririn hayaƙi ya fara fitowa.

"Salansa ce," ya faɗa wa kansa, amma gumi ya riga ya karyo masa. "Sabon inji dole ya yi hayaƙi."

Duk direba ya san maganin mota mai taurin kai: a kashe ta, a sake tayarwa. Ya nemi wayar obin ya ga an binne ta a bango. Bai yi wata-wata ba ya gangara ƙarƙashin matakala inda akwatin wutar benen yake, ya duba makunnai reras, ya zaɓi wanda ya fi girma, ya sauke shi.

Benen gaba ɗaya ya yi tsit. Keken Tela ya tsaya a tsakiyar ɗinki, rediyon Gwaggo ya ɗauke a tsakiyar sanarwa. Sai ga Mai Aski ya fito da kilifa a hannu, bayansa wani ƙaton mutum da ƙyalle ɗaure a wuya, rabin kansa tal yana ƙyalli, ɗaya rabin gashi cunkus.

"Wane mara tsoron Allah ne ya..." Mai Aski ya yi ido biyu da Sitiyari, hannunsa na kan makunni. "Na sani! Wallahi tun da ka ce in buɗe hanci na san yau ba lafiya."

"Gwaji nake yi."

"A kan kawunan mutane? Dubi bawan Allahn nan!"

"Rabin da ka aske ma bai yi kyau ba. Na ba ka lokaci ne ka yi tunani."

Ya mayar da wuta ya haura da gudu. Mai Aski da Tela da Mai Rabin Aski suka rufa masa baya, don hayaƙi ya fara saukowa matakala. A kicin suka tarar da Gwaggo ta toshe hanci da gefen zani. Lambobin allon suna ƙiftawa, jan makulli kuwa yana nan daram.

"Ku ba ni wuri," in ji Sitiyari. "Hannun da ya sa giya shi ke cire ta." Ya sake danne mai taurari.

Obin ya yi gurnani, lambobin suka yi tsalle suka koma inda suka faro.

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "ni ban yi boko ba, amma lambar nan ƙaruwa ta yi."

"Tanki na cika."

Mai Rabin Aski ya ture Tela ya matso, ya duƙa ya duba. "Tsaya, Malam. Wannan ka danna? Irinsa ne a gidanmu. Ai wannan na wanka ne."

"Na me?"

"Na wanka. Wanke kansa yake yi, amma ba da ruwa ba, da wuta. Zai yi zafin da duk wani maiƙo da dattin da ke ciki sai sun ƙone sun zama toka. Shi ya sa yake kulle ƙofa, don kada wani ya buɗe ya babbake fuskarsa. Lambar nan ba mai ba ne, lokacin da ya rage ne. Kuma ko ya gama, makullin nan ba zai mutu ba sai ya huce. Ai kafin a danna, komai ake fitarwa." Ya ɗago ya dubi Sitiyari. "Akwai wani abu a ciki ne?"

Gwaggo ce ta amsa ta cikin zani.

"Kajin Yaya."

Tela ya ɗora hannu a ka. A benen nan babu wanda bai san labarin Yaya ba.

Sitiyari dai ya gwammace ya mutu da a ce mai rabin kai ya koya masa inji a gaban jama'a. Ya tuntsire da dariya.

"Wanka da wuta! Mai Aski, anya kilifarka ba ta shiga ciki da yawa ba? Malam, ka taɓa ganin an wanke mota da ashana?"

"Ni dai na faɗa maka. Danna wancan na tsayarwa yanzu, ƙila ka tsira da ko ƙashi ne."

Sitiyari ya baje hannuwa ya tare maɓallan. "Kul! Ba a taka birki ana tsakiyar gudu. In inji ya buga, kai za ka yi wa matata bayani? Ƙofa ce ta cije kawai. Abin da ya cije kuwa janwe ake yi masa."

Ya kwance igiyar shanya daga baranda ya ɗaura a hannun ƙofar. Ya jera su: Tela a gaba, Mai Aski, sannan Mai Rabin Aski a baya saboda nauyi. Shi kuma ya tsaya gefe yana ba da umarni.

"In na ce ja, ku ja! Ja!"

Suka ja. Obin ya yi ƙugi bai saki ba.

"Ku ba shi wuta! Ja!"

Igiya ta tsinke fat. Mutum uku suka fita ta ƙofar kicin da baya, suka zube a falo, ƙaton a ƙasa, Allah Ya so. Tela ya miƙe yana dafe da ƙugu yana tambayar wa ya aike shi.

"Igiyar mata ce," in ji Sitiyari. "To na gane matsalar. Zafi ya ɗauka. Lagireto ke neman ruwa."

Ya shiga banɗaki ya fito da bokiti cike. Nan fa Gwaggo, wadda kullum ke kukan gwiwa, ta yi wani tsalle ta cafke bokitin.

"Ruwa a kan lantarki? Kai, in ka gaji da duniya ka tafi kai kaɗai! Ni jikata za ta haihu wata mai zuwa!"

Ana cikin kokawar bokiti Mai Aski ya nuna gilashin ƙofar. Wani harshen wuta ya lasa a ciki ya kwanta, ya sake tashi. A haskensa suka ga kajin. Sun yi baƙi ƙirin, sun tsuke, sun ɗaga ƙafafu sama.

"Fitila ce," in ji Sitiyari, amma a wannan karon ko shi bai ji muryarsa da kyau ba.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Uwargida ce. Ya yi wa jama'a alama su yi shiru.

"Malam, motar su Yaya ta lalace a hanya, sai wajen la'asar za su iso. Zan jira ta a nan. Hayaniyar me nake ji?"

"Talabijin ne."

Hayaƙi ya shaƙe Mai Rabin Aski ya fashe da tari.

"Wa ke tari?"

"A talabijin ne. Shirin likita ake yi."

"Ba ka dai taɓa komai ba ko?"

"Yanzu haka da nake miki magana, ba na taɓa komai."

Ya kashe waya, idonsa ya kawo haske. Da wani mutum ne ya ga an ba shi lokaci, sai ya zauna ya shirya yadda zai ba da haƙuri. Sitiyari kuwa sabuwar dabara ya gani.

"Jama'a, mota in ta mutu a hanya, fasinja ake canza wa mota. Akwai mai gashin kaji a mahaɗa. Zan sayo biyu, mu kore hayaƙi, mu rufe kicin. Wa zai sani?"

"Mu," in ji Mai Aski.

"Ku ai 'yan gida ne."

"Bakin ɗan gida ma da cinya ake rufe shi."

Haka aka yi yarjejeniya: kowa zai zo gaishe da Yaya, kowa zai sami rabonsa, kowa zai kama bakinsa. Aka tattaro fankokin benen kaf aka jera su suna tura hayaƙi ta tagogi. Gwaggo ta kawo turare ta banka. Mai Aski ya ce wa mutuminsa ya zo a ƙarasa masa askin, mutumin ya ce a'a, ya ari hula dai, shi ba ya motsawa daga nan sai ya ga ƙarshen wannan al'amari.

Sitiyari ya isa wurin mai gashi a makare. Kaza ɗaya ce ta rage cikakkiya, sai gutsattsari. Ya ce a haɗa masa duka. Ya dawo ya yayyanka, ya tsara su a babban faranti, ya zagaye da yankan albasa da tumatir, ya ja da baya yana yaba aikinsa. A kicin kuwa hayaƙi ya ƙare, don babu sauran abin da zai yi hayaƙin. Lambobi suka gangara har suka ƙare, amma jan makulli bai mutu ba. Ya ja ƙofar kicin ya rufe, ya sa kujera a gabanta ya zauna.

Da la'asar sai ga su. Yaya 'yar gajeruwa ce mai tabarau, ta rungume jakarta a ƙirji kamar za a ƙwace. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga hanci.

"Gobara aka yi a unguwar nan?"

"Sannu da zuwa, Yaya! Sannu da hanya! Tsofaffin tayoyi ake ƙonawa a bayan layi."

"Tayoyi masu tafarnuwa?" Ta kalle shi sama da ƙasa. "Direba, kana nan dai."

"Ina nan, Yaya. Bismillah, abinci na jiranki. Ni na gasa da hannuna."

Uwargida ta kalli farantin. Ta ga jan barkonon da ba ta sa ba. Ta kalli fankokin maƙwabta a jere, ta kalli guntun igiyar shanya a ƙasa, ta kalli kujerar da ke tare ƙofar kicin. Sannan ta kalli mijinta, idonta ya ciko da ƙwalla. A duk wunin, nan ne kaɗai Sitiyari ya ji kunya ta gaske ta kama shi har cikin ƙashi. Ta buɗe baki, sai ta ga Yaya ta riga ta zauna tana wanke hannu. Ta haɗiye maganar ta je ta zauna kusa da ita.

Maƙwabta suka shigo ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo gaisuwa, kowa ya gaisa ya nemi wuri kusa da faranti. Yaya ta ɗauki tsoka ta tauna a hankali. Kowa na kallon bakinta.

"Ba laifi," in ji ta.

Shi ke nan, kunyar Sitiyari ta bi hayaƙi ta taga. Ya gyara zama.

"Ai Yaya, gashi ba ƙarfi ba ne, sanin giya ne. Wasu sai su yi ta jan abu a giya ɗaya. Ni kuwa da na duba allon nan sau ɗaya, na karance shi tsaf. Na'urar nan ni da ita mun fahimci juna."

Uwargida ta taka masa ƙafa. Bai ji ba.

"Har maƙwabta na tara na koya musu. Ko ba haka ba, Mai Aski?"

Mai Aski ya cusa nama a baki ya gyaɗa kai.

Yaya tana juya farantin da cokali. "Kaji nawa ne?"

"Biyu, Yaya. Manya."

"To ga cinya ɗaya a hannuna, ga ɗaya wurin tsohuwar nan, ga ta mai hula, ga biyu a faranti. Biyar ke nan."

Tela ya ƙware, aka miƙa masa ruwa.

"Kajin zamani ne, Yaya," in ji Sitiyari. "Abincin da ake ba su yanzu, ba a cewa komai."

Yaya ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. Sai ta share, ta juya wurin ƙanwarta, fuskarta ta ɗan saki. "Ke kuma kin rame. Ba kya cin abinci ne?" Ta ɗauki tsoka ta ajiye mata a gaba. Uwargida ta karɓa. Rabon da yayarta ta miƙa mata wani abu har ta manta.

Daidai nan, daga bayan ƙofar kicin, aka ji ƙarƙas! Sai wata 'yar waƙa mai daɗi ta biyo baya, ti-ri-ri, ti-ri-ri.

"Mene ne wannan?" in ji Yaya.

"Agogo ne."

Amma Gwaggo, da cinya a hannu, ta riga ta ɗaga hannuwa sama. "Alhamdu lillahi! Ya huce! Makullin ya mutu, ɗan nan, je ka fito da su!"

Ta rufe baki da cinyar, amma magana ta riga ta fita.

Yaya ta goge hannu ta miƙe, ta ɗauki jakarta. Sitiyari ya riga ta zuwa kujera.

"Yaya, kicin ɗin ba a gyara ba."

"Matsa."

Ya matsa. Ta shiga, jama'a suka dafo bayanta har da mai leƙe ta saman kafaɗa. Allon obin ya yi fes, babu makulli, babu komai. Ta kama hannun ƙofar, wanda guntun igiya ke lilo a jikinsa, ta ja da yatsa biyu. Ƙofar da ta kayar da maza uku ta buɗe salin-alin.

Wallahi cikin obin ɗin nan sai ƙyalli yake yi, ko ranar da aka kawo shi bai kai haka tsabta ba. A tsakiya ga tire ya lanƙwashe. A kan tiren ga tsibin toka biyu, fari-fari, gefe da gefe, yadda uwargida ta jera su da safe, da 'yan ƙasusuwa suna leƙowa.

"Direba," in ji Yaya a hankali, "waɗannan su wane ne?"

"Kaji ne, Yaya."

"Waɗanda muka ci fa?"

"Su ma kaji ne."

Mai Rabin Aski ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Mai Aski ya juya ya kifa goshi a bango, kafaɗunsa na rawa.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta gyara riƙon jakarta ta juya ta nufi ƙofar fita. Nan uwargida ta kasa daurewa, kuka ya ƙwace mata.

"Tun jiya nake jiƙa su, Yaya! Yadda kike so na yi su, da lemun tsami. Abu ɗaya na roƙe shi, ɗaya tak, na ce kada ka taɓa!"

Yaya ta tsaya. Ta juyo ta kalli ƙanwarta, ta kalli tokar, ta kalli Sitiyari da ya yi tsuru-tsuru a jikin firji.

"Ke," in ji ta, "haka kike fama da shi duk shekarun nan? Ke kaɗai, babu mai tayawa?"

"Yaya, wannan ai kaɗan kika gani."

"Kaɗan?" Ta ajiye jakar a kan tebur. Ta kama hannun ƙanwarta ta ja ta zuwa doguwar kujera, ta share mata hawaye da gefen mayafi. "Zauna. Ba ni labari tun daga farko. Kada ki tsallake ko ɗaya."

Uwargida ta yi dariya cikin kuka. "Ai ba zai ƙare yau ba."

"To a yi mini shimfiɗa. In bai ƙare gobe ba ma ina nan."

Mai Rabin Aski ya jiƙa tsumma ya miƙa wa Sitiyari. "Saura abu ɗaya, Malam. In ya gama wanka, da hannu ake kwashe tokar."

Sitiyari ya durƙusa ya zura kai cikin obin. Daga falo yana jin muryoyin biyu sun haɗu, wannan ta faɗa, waccan ta ce "Ke don Allah!", sai dariya. Duk labarin nasa ne, kuma babu na yabo ko ɗaya. Ya saurara, ya saurara, sannan ya fito da kai, toka har gira, ya yafito Mai Aski.

"Ka ji su ko? Shekara nawa ana neman mai shirya su an rasa? To kai a tunaninka kuskure na yi da na danna mai taurarin nan? Ai tun da safe na lissafa..."

Daga falo, murya biyu suka tashi a tare.

"Goge!"

Ya mayar da kansa ciki.